Cocin da zamansa rumbu ya cece shi

Akwai wani ɗan ƙaramin coci a gabashin Ingila, can ƙarshen ƙasa a yankin Essex, gaba da wani ƙauye da ake ce wa Bradwell-on-Sea, wanda in ka hango shi daga nesa wallahi ba za ka ce wurin ibada ba ne. Babu hasumiya, babu gilashi mai launi-launi irin na manyan majami'un Turai, babu wani ado a jikinsa. Gini ne kawai dogo mai kusurwa huɗu da jan rufi, shi kaɗai tilo a fili, gonaki a bayansa, taɓo da teku a gabansa. Da sito ya fi kama, kuma ai ya yi aikin siton, ya shekara ɗaruruwa manoma na zuba hatsi da ciyawa a ciki. Sunansa St Peter-on-the-Wall, kuma yana cikin tsofaffin coci-coci na Ingila da har yau suke tsaye ana shiga ana ibada, shekarunsa sun haura 1,300.

Ni abin da ya ja ni ga ginin nan ba tsufansa kaɗai ba ne, tsofaffin gine-gine ai sun yi yawa a ƙasar. Abin da ya fi tsaya min shi ne yadda ya tsira. Takwarorinsa da suka yi suna, aka yi ta kashe musu kuɗi, yawancinsu ba abin da ya rage na asalinsu, don kowane ƙarni sai wani mai hali ya zo ya rushe gefe ya faɗaɗa ya ɗora nasa salon. Shi kuwa wannan mantawa aka yi da shi, sai wani manomi ya ga ginin zai yi masa amfani, shikenan. Zan dawo kan wannan, bari dai a fara daga ƙasa, wato daga abin da aka ɗora shi a kai.

Tun kafin a yi maganar coci, Romawa ne a wurin. A ƙarshen ƙarni na 3 suka gina sansanin soja a bakin kogin Blackwater, daidai inda yake faɗawa teku, ana kiran sansanin Othona. Ɗaya ne daga cikin jerin sansanonin da suka zuba a gaɓar kudu da gabashin tsibirin don tsare shi daga masu kawo hari ta ruwa. Ganuwarsa kaurinta ya kai wajen mita 4, kaga kuwa ba wasa suka yi ba. Da mulkin Rum ya ƙare a Birtaniya wajen shekarar 410 sai sansanin ya zama kango, teku kuma ta yi ta cin gefensa na gabas a hankali har ta haɗiye mafi yawansa. Yau in ba wani ya nuna maka ba, da ƙyar ka gane akwai wani sansani a wurin, ɗan guntun ganuwa ne kawai ya rage cikin sarƙaƙiya. Sauran duwatsun suna ina? Da yawansu suna jikin cocin.

Wanda ya kafa wurin wani ɗan zuhudu ne mai suna Cedd. Ya tashi a Lindisfarne, wani ɗan tsibiri can arewa maso gabashin Ingila, a hannun malaminsa Aidan wanda shi kuma daga tsibirin Iona ya zo. Su huɗu ne 'yan gida ɗaya kuma duka huɗun limaman coci suka zama, biyu har suka kai bishop, shi da ɗan'uwansa Chad. Mutanen Essex a lokacin sun taɓa karɓar Kiristanci suka kuma watsar, har sun kori bishop ɗin Landan, Mellitus, wajen shekarar 616. To da sarkinsu Sigeberht ya karɓi addinin ta hanyar abokinsa sarki Oswiu na arewa, sai ya roƙi a turo masa masu wa'azi, aka turo Cedd a 653. Ya kafa cibiyoyi biyu, ɗaya a Tilbury a bakin kogin Thames, ɗaya kuma a nan cikin kangon Othona. Kusan duk abin da aka sani game da shi daga bakin Bede ne, malamin tarihin nan da ya kammala littafinsa wajen 731.

Mutum zai iya tambaya, me ya kai shi wannan lungun da ko yau sai ka sha tafiya kafin ka isa? Ai a zamaninsu ba lungu ba ne. Hanyar ƙasa ita ce wahala, daji da fadama da 'yan fashi, ruwa kuwa shi ne babban titi, jirgi zai taso daga arewa ya bi gaɓa ya sauke ka a ƙofar wurin. Ga kuma ganuwa a tsaye ta ba da kariya, ga dutse da bulo zube kyauta a yankin da ba shi da dutsen gini na kirki, ƙasar duk yumɓu ce da taɓo. Sannan irin waɗannan kangaye na Romawa a hannun sarakuna suke, kyauta ce mai sauƙi sarki ya ce da malami ga wuri nan je ka zauna.

Shekarar da aka fi faɗa ta ginin ita ce 654, ita za ka gani a rubuce ko'ina. Amma akwai wata 'yar matsala da masana suka daɗe suna taɓa baki a kai. Mutanen Lindisfarne da katako suke gini, Bede da kansa ya faɗa cewa cocin da bishop Finan ya gina a tsibirin da itacen oak aka yi shi aka yi masa jinka da ciyawar bakin ruwa. To ta yaya almajirin wannan makaranta zai zo kudu ya tashi ginin dutse, kuma tsarinsa sak irin na coci-cocin Kent, waɗanda mishan ɗin da ya zo daga Rum ya kafa? Shi ya sa wasu ke cewa na farkon na katako ne, na dutsen ya biyo baya wajen 660 ko ma bayan haka, ƙila da magina daga Kent wadda ke tsallaken ruwa kaɗan ta kudu. Ni dai wannan bayanin ya fi kwanta min, don ginin da kansa yake nuna hakan, kuma ko an cire masa shekara goma ko ashirin ba abin da ya ragu daga darajarsa.

Cedd bai daɗe ba. A 664 shi ne ya yi tafinta a babban taron Whitby, inda aka yanke cewa cocin arewa zai bi tsarin Rum wajen lissafin ranar Ista, kuma a wannan shekarar annoba ta kashe shi a Lastingham, wani gidan zuhudu da ya kafa a Yorkshire. Akwai wani labari da Bede ya kawo da yake taɓa ni duk lokacin da na tuna: da labarin mutuwarsa ya iso Essex, 'yan zuhudu wajen talatin suka tattara suka tafi Lastingham don su zauna kusa da kabarin ubangidansu, rai ko mutuwa. Annobar ta kwashe su duka, yaro ɗaya tak ya tsira.

Yanzu ginin kansa. Abin da ke tsaye yau ɗakin tsakiya ne kawai, inda jama'a ke taruwa. Tsawonsa wajen mita 15, faɗinsa mita 6 da rabi, amma bangon ya yi sama sosai, ya tasam ma mita 7, shi ya sa in ka shiga za ka ji ɗakin ya fi yadda ka zata girma. Haka magina na wancan zamanin suke so, gini siriri mai tsayi, tagogi ƙanana can sama kusa da rufi. Hasken daga sama yake saukowa, ba ka ganin waje sam, ba teku ba gona, sai bango da kai. An ɗora shi ne a kan layin ganuwar yamma ta sansanin, ana kyautata zaton daidai inda ƙofar shiga take, daga nan sunan nasa, on-the-Wall, wato a kan ganuwa, ya samo asali.

Ka matso kusa da bangon ta waje ka tsaya ka duba da kyau, nan daɗin yake. Dutsen ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Akwai masu ruwan toka, akwai masu ruwan ƙasa da suke marmashewa, akwai manya da aka sassaƙa da kyau waɗanda daga gani ka san ba don wannan ginin aka sassaƙa su ba, an jera su a kusurwoyi don su riƙe nauyi. Sai kuma jan bulon Romawa, wanda ba irin bulon yanzu ba ne, shi falale ne siriri mai faɗi, kaurinsa bai fi yatsu biyu ko uku ba. Maginan ba su da wurin gasa nasu, don haka duk inda aiki ya bukaci gefe mai kyau, kamar bakin taga ko lanƙwasar baka, sai su tsinto na Romawan su jera. In ka sa hannu a kai, abin da kake taɓawa an gasa shi fiye da shekara ɗari uku kafin a haifi mutumin da ya ɗora shi a wurin. A jikin bangon kuma akwai ragowar 'yan ginshiƙai da aka manna don tokare shi, wasu sun zaizaye sun koma kamar kumburi kawai.

A asali ginin ya fi haka. Ta gabas akwai wani ɗaki mai zagaye kamar rabin wata inda bagadi yake da mazaunin limamai, an rushe shi tuntuni, amma an zana layin harsashinsa a ƙasa yadda za ka iya tsayawa a ciki ka kwatanta. Akwai kuma ƙananan ɗakuna a gefe, da ɗan zaure a ƙofar yamma wanda daga baya aka ɗaga shi ya zama hasumiya, ita ma ta tafi. Tsakanin babban ɗakin da mai zagayen akwai bakuna na jan bulo, da aka rushe na gabas ɗin sai aka toshe su da dutse, amma har yanzu in ka kalli bangon gabas daga ciki za ka ga inda lanƙwasar ta faro ta dama da ta hagu sannan ta ɓace cikin toshiyar. Ko baka biyu ne ko uku, nan ma masana ba su gama ja-in-ja ba. A Kent dai uku aka saba yi.

Bayan Cedd tarihin wurin ya yi shiru. Gidan zuhudun bai ɗore ba, gaɓar gabas ta sha hare-haren mutanen Denmak a ƙarni na 9. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066 wurin ya koma hannun wani gidan zuhudu na Faransa, St Valery, sannan a 1391 aka sayar wa bishop William na Wykeham. Shi kuwa ƙauyen ya riga ya ja baya daga bakin ruwa, aka gina sabon cocin St Thomas a cikin gari, wannan na bakin teku ya zama na jeka-na-yi-ka, sai lokaci-lokaci limami ya leƙo. Masu jiragen ruwa kam sun ci gaba da amfani da shi, don a gaɓar da ba tudu ba dogon gini shi ne alamar da suke gane hanya da ita. Wajen ƙarshen ƙarni na 16 zuwa na 17 ibada ta tsaya gaba ɗaya, ya zama rumbu.

To a nan ne manomi ya yi aika-aikar da ni nake ganin alheri ce. Ya fasa bangon arewa da na kudu, ya buɗe manyan ƙofofi biyu suna kallon juna, yadda keken doki zai shiga ta nan da kaya ya fita ta can. Duk mai son tarihi in ya ga girman ramukan nan sai gabansa ya faɗi, kusan tsakiyar bangon gaba ɗaya aka cire. Amma ka yi tunani, mai rumbu abu ɗaya ne ba zai taɓa yarda da shi ba, wato yoyo. Hatsi ba ya shiri da ruwa. Don haka duk shekarun nan akwai wanda ke hawa yana gyara rufi, kuma ginin dutse muddin rufinsa na nan to bangonsa na nan, ranar da rufi ya tafi ruwa ya shiga tsakanin duwatsu sanyi ya daskarar da shi ya farfasa, shekara hamsin ta isa ya zama tsibi, maƙwabta su kwashe duwatsun su yi shinge. Na biyu kuma, manomi ba ruwansa da yayi. Ba zai kashe ko sisi don ya faɗaɗa taga ta zama irin ta zamani ba, ba zai ƙara ɓangare don jama'a sun yi yawa ba. Abin da ya tarar, in bai tare masa hanya ba, haka ya bar shi.

In kana ganin son zuciya ne ya sa na faɗi haka, dubi Reculver a Kent. Shi ma coci ne da aka kafa a 669 cikin kangon sansanin Romawa a bakin teku, kusan tagwaye suke da na Bradwell. Shi ya samu gata, aka yi ta faɗaɗa shi, a ƙarni na 12 aka ɗora masa hasumiya biyu. A 1809, da teku ta matso, mutanen cocin da kansu suka rushe shi suka koma nesa da bakin ruwa, hasumiyoyin kawai aka bari saboda masu jirgi na bukatarsu, ginshiƙai biyu na bakunansa kuma yanzu suna ajiye a babban cocin Canterbury. Sai kuma na Bradford-on-Avon, ɗan cocin St Laurence, wanda ya ɓace cikin gidaje, wani ɓangare makaranta wani ɓangare gidan zama, har sai a 1856 wani limami mai suna William Jones ya lura da siffar rufin ya gane abin da ke wurin. Na Escomb a arewa ma kusan haka ne, ƙauye ne da ba wanda ya damu da shi balle ya zo ya gyara masa coci, duwatsunsa daga sansanin Romawa na Binchester aka kwaso, har akwai wani da ke ɗauke da tambarin runduna ta shida an sa shi kai a ƙasa, don maginin dutse yake nema ba karatu ba.

A ƙarni na 19 ne aka farga da irin tsufan rumbun Bradwell. A 1864 ana aikin tare teku a wurin aka tono ganuwar sansanin, masu binciken kayan tarihi suka zo, aka haɗa da abin da Bede ya rubuta aka gane ai wurin Cedd ne. Duk da haka sai da aka ƙara fiye da shekara hamsin kafin ya koma hannun coci, aka gyara shi aka sake keɓe shi don ibada a 1920.

Masu gyaran nan na 1920 ina jinjina musu, kuma dalilin shi ne abin da suka ƙi yi. Zamanin da ya gabace su, na Sarauniya Biktoriya, an yi wa tsofaffin coci-coci gyaran da ya fi rusau ɓarna, a kankare bango, a cire abin da aka ga bai yi kyau ba, a ƙirƙiro wani tsohon salo da ginin bai taɓa yi ba. Su waɗannan ba su sake gina ɗakin gabas ba, ba su maido da hasumiya ba. Manyan ƙofofin keken dokin suka toshe, kuma ba su ɓoye toshiyar ba, tana nan ɓaro-ɓaro kamar faci a jikin tsohuwar riga, launinta daban, layin gefenta a fili. Kana tsaye a wuri ɗaya za ka ga aikin Romawa, da na maginan ƙarni na 7, da ɓarnar manomi, da hannun masu gyara, ba sai wani ɗan rakiya ya yi maka bayani ba.

Cikin ma ba su cika shi da kaya ba. Bencina ne na katako marasa ado, ƙasa shimfiɗe da dutse, bango tsirara ba fenti ba filasta. A bangon gabas akwai gicciye mai launi da wani mai zane Francis Stephens ya yi, an sa hoton Cedd ɗan ƙarami yana durƙushe a ƙasa. Gaskiya ni launinsa ya ɗan yi min ƙarfi a kan wannan bangon, ido na zuwa kansa kafin ya ga ragowar bakunan da ke gefensa, amma masu ibada a wurin suna sonsa kuma su ke da ɗaki. Bagadin kuwa na shekarun 1980 ne, an dasa duwatsu uku a jikinsa, ɗaya daga Iona, ɗaya daga Lindisfarne, ɗaya daga Lastingham, wato inda malaminsa ya fito, inda ya yi karatu, da inda ya mutu. Wannan dabarar ta burge ni, tarihin mutum gaba ɗaya ba tare da an rubuta ko harafi ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, yankin ba wai ya tsaya cak a ƙarni na 7 ba ne. A yaƙin duniya na biyu akwai filin jiragen yaƙi a Bradwell, kuma daga wajen cocin kana hango manyan gine-ginen tashar nukiliya da ta yi aiki daga 1962 zuwa 2002, ga kuma injinan lantarki masu aiki da iska suna ta juyi a gonaki da cikin teku. Wasu masu ɗaukar hoto suna ta kauce-kauce don kada waɗannan su fito, ni ban ga dalili ba. Kusa da cocin kuma akwai wata ƙungiya mai suna Othona da wani limamin sojan sama, Norman Motley, ya kafa a 1946, don mutanen da yaƙi ya raba, har da Jamusawa, su zo su zauna tare su yi magana, da tantuna suka fara. Har yau suna nan kuma suna amfani da cocin wajen addu'o'insu.

Mota ba ta kaiwa bakin ƙofa. Akwai inda ake ajiye ta a ƙarshen titin da ya fito daga ƙauyen, sai ka taka wajen rabin mil a wata hanya miƙaƙƙiya tsakanin gonaki, ginin na gabanka tun daga farko yana ƙara girma a hankali, iska kuma ba ta da abin da zai tare ta don haka a tafi da rigar sanyi ko da rani ne. Masu ƙarfin ƙafa akwai hanyar St Peter's Way da ta taso daga Ongar, ta haura mil 40, a nan take ƙarewa. Duk shekara a watan Yuli ana yin tattaki na musamman daga cocin St Thomas na cikin ƙauye zuwa nan, ɗariku daban-daban suke haɗuwa, kuma da yake ɗakin ba zai ɗauki ko kaɗan daga cikinsu ba, a filin waje ake yin taron.